Filin Tambaya da Amsa: Makullin akwati a hannun mace

Wasiƙun wannan fitowar duka a kan littattafan almara ne, irin waɗanda ake ɗora su a kan tsohuwar tatsuniya. Ta farko ta fi cin fili, domin mai ita ta kawo hujjojinta a jere.

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai masu kula da wannan fili. Na karanta wani ɗan littafin almara na Turanci mai shafi 120 da babi 14. An gina shi a kan tatsuniyar mutanen arewacin Sikotilan ta matar teku da ke tuɓe fatarta ta zama mutum. A cikinsa wata budurwa mai ɗinkin ragar kamun kifi ta gaji wani akwati a kulle daga mahaifinta. A gefen ƙauyensu akwai wata mata da ba ta tsufa, kullum tana zaune ta zuba wa teku ido. Suka shaƙu, har shaƙuwar ta koma soyayya. A babi na 7 budurwar ta buɗe akwatin, ta tarar ashe fatar matar ce mahaifinta ya ɓoye shekara da shekaru. Maimakon ta mayar mata, sai ta ja bakinta ta yi shiru har lokacin sanyi ya wuce. Sai a babi na 13 ta miƙa mata, matar kuwa ta koma teku. Abubuwa huɗu suka tsaya mini a rai. Na tsani budurwar saboda shirun da ta yi. Na ga soyayyar ta ƙullu da sauri. Ba a faɗa mana asalin waɗannan halittu ba. Ƙarshen kuma ya bar ni da ƙunci. Laifin marubuciyar ne, ko ni ce ban iya karanta irin wannan labari ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wadda ta riƙe lambobin babi haka ta iya karatu, kuma da lambobin nan za mu yi aiki.

Mu fara da tsohon ginin, domin sai an san shi ake gane inda marubuciya ta rushe da inda ta ƙara. Mutanen tsibiran Okni da Shetlan suna kiran wannan halitta selki. A cikin ruwa dabba ce, sil, wadda ta ɗan yi kama da ayu, idan kuma ta hau tudu ta tuɓe fatarta sai ta zama mutum. Ana ba da labarin a Ailan da Aislan da tsibiran Faro. Masanin nan ɗan Norwe, Reidar Christiansen, ya ba shi lamba 4080 a jerin hikayoyi masu yawo tsakanin ƙasashe da ya fitar a 1958. Gaɓoɓinsa biyar ne. Wani masunci ya tarar da su suna rawa ko wanka a bakin teku, ya sace fata ɗaya. Mai fatar ta rasa hanyar komawa, ta bi shi gida ta zama matarsa. Ya kulle fatar a akwati ko ya cusa ta cikin rufin ɗaki. Suka haifi 'ya'ya, hankalinta kuwa na teku. Ranar da ya manta makulli, ko wani ɗanta ya gano maɓoyar, ta ɗauki abinta ta tafi. A wata ruwaya ta Aislan tana tafiya tana kukan cewa 'ya'yanta bakwai ne a teku, bakwai a tudu.

Auren nan da sata ya fara, amma tatsuniyar ba ta tambayi masuncin ko ya taɓa jin kunya ba, ba ta kuma tambayi matar ko ta taɓa son sa ba. Haka tatsuniya take. Max Lüthi, masani ɗan Suwizalan, ya bayyana a littafinsa na 1947 cewa mutanen tatsuniya ba su da zurfin ciki: yarinya za ta yanke ɗan yatsanta ta buɗe ƙofa da shi, ba a ambaci jini ko raɗaɗi ba. Duk wanda ya ɗauki tatsuniya zai mayar da ita ƙagaggen labari, aikinsa shi ne ya zuba wa yatsan nan jini. Da wannan ma'aunin za ki auna littafin da ke hannunki.

Idan aka cire masuncin aka sa mace a gurbinsa, fatar ce take zama matsalar farko. Hanyoyin da ke gaban marubuci kaɗan ne. Zai iya sa tauraruwar ta sace fatar kamar yadda namijin ya yi, to nan suna kawai aka canja, ɗaurin talala yana nan. Zai iya sa ta mayar da ita nan take don a ga kirkinta, amma ƙullin labarin ya warware tun a shafi na goma, dole a nemo wani mugu daga waje a cike sauran shafukan, kuma yawancin littattafan da suka bi nan sukan saki jiki a tsakiya. Hanya ta uku ita ce wadda marubuciyarki ta bi, kuma ita ce mafi wuya: budurwar ba ta yi satar ba, gado ta ci, amma ranar da ta buɗe akwatin ta yi shiru, ta zama abokiyar laifin mahaifinta. Saboda haka tsanar da kika ji, da gangan aka dasa miki ita. Da kin ci gaba da ganin budurwar wankakkiya bayan babi na 7, da littafin ya kasa.

Inda za ki kama marubuciyar ko ki wanke ta shi ne abin da ta zuba tsakanin babi na 7 da na 13. Babi shida ne, kusan rabin littafin, kuma shiru kaɗai ba ya iya ɗaukar rabin littafi. Koma ki duba ko akwai aƙalla wurare uku da damar faɗin gaskiya ta zo wa budurwar ta bar ta ta wuce, sannan ki duba ko kowane ya fi na bayansa muni. A na farko tsoro ne ya kama bakinta. A na biyu ta fara ba kanta hujja, tana cewa teku ya yi sanyi, bari iska ta lafa. A na uku an tambaye ta ido da ido ta yi ƙarya. Tare da haka ya kamata mai karatu ya riƙa ganin abin da jinkirin ke yi wa matar: jikinta na raguwa, tana manta harshen 'yan'uwanta, ko ta daina zuwa bakin ruwan gaba ɗaya. Idan hawa-hawan nan yana nan, shirun ya yi aikinsa. Idan kuwa fitowa ɗaya ake ta maimaitawa, budurwa ta taɓa makulli ta yi kuka ta mayar, to jan labari ne kawai. Akwai wani kuskuren da ya fi wannan: marubuci ya ji tausayin tauraruwarsa ya nemo mata uzuri, makullin ya ɓata ko wani ya sace akwatin. Da zarar hatsari ya karɓe zaɓi daga hannunta, nauyin labarin ya zube.

Maganar saurin soyayya kuwa, lissafi zai taimake mu. Shafin irin waɗannan littattafai kan ɗauki kalma 250 zuwa 300, don haka shafi 120 ya kama kalma 30,000 ko ɗan sama. Raba su gida 14, kowane babi ya samu kamar 2,100. Babi shida na farko ke nan kalma 13,000. Mutuwar uba, gadon akwati, yanayin ƙauye da sana'ar budurwar za su cinye kusan rabi. Abin da ya saura wa mutum biyun bai wuce fitowa biyar ko shida ba. Wannan ya isa a gina soyayya, amma da sharaɗin kada a yi asarar ko ɗaya. Ɗauki takarda ki rubuta layi ɗaya a kan kowace haɗuwarsu, ki faɗi abin da ya canja tsakaninsu daga farkonta zuwa ƙarshenta. Idan layukanki suka fito kamar "ta koya mata ƙullin da ba a san shi a ƙauyen ba", "ta ba ta bargonta guda ɗaya", "ta faɗa mata abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba", "sun yi saɓani, ɗaya ta sauko", to ginin yana nan, saurin karatunki ne ya sa kika ga kamar an yi gaggawa, tunda littafin kalma 30,000 a awa biyu zuwa uku ake shanye shi. Idan kuwa layi uku a jere duka "suka kalli juna, zuciyarta ta buga" ne, ƙorafinki yana kan hanya.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi wuya idan mata biyu ne. Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha guda 100, ya fitar a 1928 cewa matakai 31 ne suke maimaituwa a cikinsu, na ƙarshensu kuwa ɗaurin aure. A tatsuniya aure lada ne da ake miƙa wa jarumi, ba a buƙatar a nuna yadda so ya tsiro. Marubucin da ya haɗa saurayi da budurwa yana cin moriyar wannan gajeriyar hanya ko bai sani ba, domin tun a shafi na farko mai karatu ya riga ya haɗa su a ransa. A ƙauyen masunta na zamanin da, mata biyu ba su da wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya, wataƙila ma su kansu ba su da sunan da za su kira abin da suke ji. Dole marubuciya ta gina komai daga tushe, ta aiki da kyauta da abin da aka kasa furtawa, kuma hakan kalmomi yake ci. Masu rauni sukan tsallake da jimla ɗaya, su ce ƙaddara ce ta haɗa su ko sihiri ne ya ja su. A labarin da jigonsa 'yancin zaɓi ne, wannan jimla guba ce, domin ta mayar da matar tekun cikin wani sabon akwati.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya kamata ki duba: mene ne matsayin matar nan a wajen mahaifin budurwar? Shi ya tsare ta shekaru. Idan littafin bai tsaya ya fuskanci wannan ba, bai bar matar ta faɗi abin da take gani idan ta kalli fuskar 'yar mutumin da ya ɗaure ta ba, to akwai rami a tsakiyarsa, komai daɗin salon.

Rashin faɗin asalin halittun ba aibi ba ne. A rarrabe tsakanin asalin sihiri da ƙa'idarsa. Ƙa'ida dole ta fito fili da wuri kuma kada a karya ta: babu fata, babu komawa. A kanta ne duk wani tsoro da tsammani na mai karatu suka rataya. Asali kuwa ado ne. Masu ba da tatsuniyar kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu a Aislan suna cewa zuriyar rundunar Fir'auna ce da ta nutse, wasu wuraren suna cewa rayukan waɗanda teku ya ci ne. Shafi biyar na tarihin masarautar ƙarƙashin ruwa da sun cinye ɗaya daga fitowa shidan nan da muka lissafa.

Ƙuncin da ƙarshen ya bar miki yana da tarihi a bayansa. A Amurka, cikin shekarun 1950, masu buga ƙananan littattafai masu arha sukan gindaya wa marubuta sharaɗin cewa labarin soyayyar mata biyu ya ƙare da rabuwa ko hauka ko mutuwa, don gudun kada hukumar gidan waya ta kama littafin. Tun daga nan masu karanta irin waɗannan labarai suke sa ido a kan duk ƙarshen da ya raba masoyan, suna tambaya ko hukunci ne aka ɗora daga waje ko kuwa daga cikin labarin ya tsiro. Bisa abin da kika bayyana, naki daga ciki ya tsiro, domin tun daga ranar da aka ambaci fatar an san teku na jiran mai ita. A tsohuwar tatsuniya matar sace abinta take yi ta gudu. A nan miƙa mata aka yi, kuma mai miƙawar ta san abin da za ta rasa. Saura ki duba babi na 13 da na 14 da tambaya ɗaya: an bar matar ta yi magana, ta yi fushi, ta yanke shawara da kanta? Idan an nuna ta tana auna tafiya da zama, ƙarshen ya biya kuɗinsa. Idan kuwa ta karɓi fatar ta faɗa ruwa ba uffan, aka koma kan hawayen budurwar har shafi goma, to an sake rufe mata baki kamar yadda tatsuniyar ta yi.

Tambaya: Malamai, a bangon irin waɗannan littattafai nakan ga kalmomi biyu, ɗaya na nuna jigon, ɗaya na nuna tsawon littafin. Ina suka samo asali, kuma wa ya yanke iyakar tsawon? Daga wani ɗalibin adabi.

Amsa: Malam, kalmar da ke nuna jigon, wato safik, daga sunan Safo aka ciro ta, wata mawaƙiyar Girka da ta rayu a tsibirin Lesbos wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Mafi yawan waƙoƙinta sun salwanta, gutsattsari ne suka iso gare mu, guda ɗaya ce tak cikakkiya, kuma a cikin abin da ya tsira akwai baitocin bege da ta yi wa mata. Mawallafa suna sa kalmar a bango don mai saye ya san tun kafin ya buɗe cewa soyayyar da ke ciki tsakanin mata ce. Ba ta nuna yadda aka bayyana soyayyar, domin wasu littattafan ba su wuce bege da riƙe hannu ba.

Ɗayar kuwa, nobela, daga Italiyanci take, kuma matsakaicin labari take nufi. Iyakar da aka fi amfani da ita a fagen almara ta kyaututtukan Hugo da Nebula ce: ƙasa da kalma 7,500 gajeren labari ne, daga nan zuwa 17,500 wani rukuni ne na tsaka-tsaki, daga 17,500 zuwa 40,000 matsakaicin labari, abin da ya haura haka cikakken littafi. Da kalmomin Turanci aka yi wannan ƙidaya. Labari ɗaya idan aka rubuta shi da Hausa yakan fi yawan kalmomi, saboda ƙananan kalmominmu irin su ya, ta, na, da, kowacce ana ƙirga ta ita kaɗai.

Tambaya: Allah ya ƙara basira. Ina son in mayar da wata tatsuniya matsakaicin labari. Idan na faɗe ta da baki ba ta wuce minti biyar. Na zauna na faɗaɗa ta, na kai kalma 8,000 sai labarin ya ƙare, kuma ni kaina na ga maimaici ya yi yawa. Ina na kuskure? Daga wata mai koyon rubutu.

Amsa: 'Yar'uwa, alamu sun nuna kin ja tatsuniyar ne kamar roba, kina ƙara siffanta daji da sutura da yanayin sama a kan gaɓoɓin da suke nan tun asali. Tatsuniyar minti biyar kalma 600 ce zuwa 700, kuma ado ba zai ninka ta sau arba'in ba. Abin da ke ba ta tsawo shi ne tambayoyin da ta tsallake.

Kafin ki koma kan rubutun, nemi ruwayoyi uku na tatsuniyar aƙalla, daga bakin mutane daban-daban ko daga littattafan da aka tattara. Idan tana da 'yan'uwa a wasu ƙasashe, akwai kundin rabe-raben tatsuniyoyi da Antti Aarne ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa a 1928 da 1961, Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004. Abin da duk ruwayoyin suka haɗu a kai shi ne ƙashi, kada ki taɓa shi sai da dalili. Inda suka saɓa kuwa nan ne filinki. Rubuta ƙashin cikin jimla biyar zuwa bakwai, sannan a tsakanin kowace jimla da mai bi mata ki sa "don me?" da "me ta ji?" da "wa ya gani ya yi shiru?". Tatsuniya za ta ce "sai ta bi shi gida", kalma biyar. Ke kuma wannan tafiyar fitowa biyu ce ko uku a wajenki.

Daga nan zaɓi wanda za a ga labarin ta idonsa, kuma ya fi kyau ya zama wanda tatsuniyar ba ta ba shi baki ba. Canja babban abu ɗaya tak, ko jinsin jarumi, ko wanda ke riƙe da sirrin, ko zamanin, sannan ki bi diddigin abin da canjin ya jawo a kowace gaɓa. Wanda ya canja abu huɗu a lokaci guda yakan wayi gari da labarin da babu mai gane tatsuniyar a cikinsa, ya yi asarar abin da ya je nema, wato mai karatu ya riƙa hango abin da ke tafe yana fargaba.

Maimaicin da kika gani daga tatsuniyar kika kwaso shi. Axel Olrik, ɗan Denmak, ya lissafa dokokin labarin baka a 1909, daga ciki akwai cewa abu kan faru sau uku, kuma mutum biyu ne ke magana a kowace fitowa. A baki maimaici daɗi ne, yana taimakon mai faɗa ya tuna, masu saurare su amsa. A takarda ido yakan gane shi ya tsallake. Riƙe ukun, amma kowanne ya zo da sabon farashi: na farko ya ci mata dukiya, na biyu ya ci mata aminci da wani, na uku ya ci wani abu daga mutuncinta. Kada ki maimaita kalmomin, in ban da ɗan baiti ko jimla ɗaya da za ta riƙa dawowa, ma'anarta na sauyawa duk dawowa. Dokar mutum biyu kuwa ki riƙe ta da kyau, domin ta dace da matsakaicin labari.

Ga kasafin da za ki iya farawa da shi. Ki nufi kalma 25,000, ki raba su fitowa 20 masu kimanin kalma 1,250. Manyan taurari biyu, mataimaka uku ko huɗu, wurare biyu ko uku, ƙa'idar sihiri ɗaya, ƙaramin labarin gefe ɗaya idan ya zama dole. Kafin kalma 2,500 mai karatu ya san abin da tauraruwa ke so da abin da ya tare ta. A wajen fitowa ta 10 wani abu ya bayyana da zai sa abin da take so ya ci karo da abin da ya kamata ta yi. Huɗun ƙarshe na ƙololuwa da warwara ne, ta ƙarshe ta fi kowacce gajarta. Idan akwai soyayya a ciki, gwada ta haka: cire ta a ranki, ki ga ko labarin zai kai ƙarshe yadda yake. Idan zai kai, liƙa ta aka yi. Sai kuma ki cire sihirin ki sake gwadawa. A labarin da ya ginu, kowanne aka zare sai ɗayan ya faɗi.

Sai maganar murya. Muryar "ga ta nan ga ta nanku" daga nesa take kallon mutane, kuma ba ta jure shafi ɗari. Ki yi amfani da ita a buɗewa, ko a ɗan sakin layi a kan kowane babi, ko a bakin wata tsohuwa a cikin labarin wadda ke ba da ruwayar da kowa ya sani yayin da mai karatu ke ganin yadda abin ya faru a zahiri. Sauran a rubuta shi daga kusa, da sanyin ruwa a tafin ƙafa da nauyin makulli a aljihu.

Tambaya: Shin ɗaukar tatsuniyar wasu mutane a sauya ta ba satar fasaha ba ce? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, sauya tatsuniya daɗaɗɗen abu ne. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, sun fitar da kundinsu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. A ɗaya daga tatsuniyoyin, a bugun farko uwa mahaifiya ce ke neman halaka 'yarta saboda kishin kyau, daga 1819 suka mayar da ita matar uba. Tsohuwar tatsuniyar da ba a san mai ita ba, a mafi yawan ƙasashe kowa na iya gini a kanta. Abin da ke da mai shi shi ne kalmomin wanda ya tattara ko ya fassara, da kuma ƙarin da wani marubucin zamani ya yi, kamar sabbin taurari da sabon ƙulli. Yarjejeniyar Bern ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallakar rubutu ta sa mafi ƙarancin kariya shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa sun kai ta 70. Ka kuma duba dokar ƙasar da za ka wallafa, domin wasu ƙasashe, musamman waɗanda suka bi samfurin dokar da aka tsara a Tunis a 1976, sun ba adabin gargajiya kariya ta musamman idan za a yi kasuwanci da shi.

Bayan doka akwai ladabi. Ka rarrabe tatsuniyar hira da labarin da wata al'umma ke riƙe da shi a matsayin ibada ko tarihin kakanninta, na biyun a tambayi masu shi, a kuma ba wani daga cikinsu ya karanta kafin a buga. A ƙarshen littafin ka ware rabin shafi ka faɗi inda tatsuniyar ta fito, ruwayar da ka bi, da abin da ka canja da hannunka.